Gudun Mota Da Ƙuri'a

Jama'a, ga wata tambaya da ta kamata mu tsaya a kanta. Shin mai mulkin da talakawa suka zaɓa yana da ikon hana su abin da suke so, in abin nan shi ne ajalinsu?

Ku dubi hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta bi ta Talatar Mafara. Ran Talata kasuwa ta cika, yara na tsallakawa da tallansu, direba kuwa so yake ya yi sawu biyu kafin la'asar. Doka ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 bisa babbar hanya. An kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, a 2017 kuma ta soma tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Watau dai doka ba ta yi ƙaranci ba.

To, ina gizo ke saƙa? Mutanen wannan yanki ba baƙin siyasa ba ne, gama Bakura ta ba da gwamna a 1999, Mafara a 2011, Maradun a 2019. Sun san yadda a ke lissafin ƙuri'a. Direban da aka ci tara ba ya mantuwa, yana da ƙungiya, yana da tasha, kullum kuma yana da fasinja masu jin ƙorafinsa. Amma yarinyar da ta tsallaka lafiya domin mota ta rage gudu, ita da iyayenta ba su san an cece ta ba, balle su gode. Wanda aka take kuwa ba ya zuwa rumfar zaɓe.

Kada ku ce halinmu ne kaɗai. A Faransa an rage gudu daga 90 zuwa 80 a 2018, mutanen ƙauye suka fusata ƙwarai, har a 2019 hukuma ta yarda larduna su koma 90 in sun so.

Ni a ganina mai mulki yana da wannan iko, har ma wajibi ne a kansa, domin amanar rai aka ba shi tare da kujera. Sai dai fa ya fara da ayarin motocinsa. A 2013 motar ayarin gwamnan Kogi ce ta yi karo da wadda Farfesa Festus Iyayi ke ciki, ya rasu. Direban tasha ya ji wannan labari, yana kuwa tunawa da shi duk ran da aka tsai da shi a hanya.