Fatawa: Ko shaida zai iya goge sunansa daga takardar cinikin gona?

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Sukukutane nake. Shekarun baya na dangwala yatsa gaban maigari a takardar da ta ce wani ya sayar wa wani gona. Daga baya na tabbatar jingina ce, ba sayarwa ba. Su biyun sun rasu, ga ƴaƴansu na ja-in-ja. Ya halatta in sa a goge sunana, tunda maganata ce?

Amsa: Bismillahi, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, bai halatta ba. Magana taka ce tana bakinka. Ranar da ka dangwala, wani ya shiga gonar ya shuka gero saboda kai, haƙƙin mutane ya rataya a kanta, ta fita hannunka. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, mai bi mata ta hana ɓoye shaida. Gogewa ɓoyewa ce. Takardar ma ba za ta gyaru ba: sauran yatsu na nan, ciniki na nan, kai kaɗai ka sulale ka bar marayu da rigima.

Janyewa kuwa, a fili, wajibi ce gare ka. A mazhabar Malikiyya, shaida in ya janye kafin hukunci, shaidarsa ta faɗi, ba ya biyan komai. In bayan hukunci ne, hukuncin ba ya warwarewa, sai dai Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 386 bayan Hijira) ya faɗa a Risala cewa zai biya abin da shaidarsa ta salwantar in ya amsa cewa zur ya yi. Mai kuskure kuma akwai saɓani a kansa. Buhari ya kawo cewa wasu biyu sun shaidi wani da sata gaban Sayyidina Aliyu, aka yanke masa hannu, suka dawo da wani mutum suka ce kuskure ne, wannan ne ɓarawon. Ya ɗora masu diyya, ya ƙi karɓar shaidarsu kan mutum na biyun da suka kawo.

To ka tambayi kanka, kai da Allah: ranar nan ka ji an ce sayarwa, ko kunyar manya ta sa ka miƙa yatsa ba ka san abin da ke rubuce ba? Wannan ya yi mana yawa, takarda da Faransanci, shaidu kuma ba mai neman a fassara masa.

Ka koma wurin maigari, shi ke jagorantar kwamitin filaye na ƙauye a tsarin da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta aza harsashinsa. A tara magada duka biyu, a rubuta sabon bayaninka da kwanan wata, a haɗa shi da tsohuwar takarda yadda take. In sulhu ya gagara, sai alƙali na Dogon Dutsi. Ka yi shi kafin shuka.

Allah ne mafi sani.