Tiyub ɗin Keke da Fursunan Edelbach

Akwai abin kallo a yadda mai faci yake neman huji. Zai hura wa tiyub iska, ya tsoma wani yanki cikin bahon ruwa, ya zuba ido yana jiran kumfa. In bai gani ba sai ya murza gaba kaɗan, amma ba ya tsallake: duk sabon yankin da ya tsoma sai ya haɗa da bakin wanda ya riga ya duba, don kada huji ya ɓuya a tsakani. Haka zai yi ta yi har ya zagayo kan bawul. Bahon bai isa ya ɗauki tiyub ɗin duka ba, duk da haka in ya gama ya san lafiyarsa daga farko har ƙarshe.

Masana lissafi kuwa wani rami ne ya dame su, babban nan na tsakiyar tiyub. Ka ɗaura zare a jikin ƙwallo ta duk inda ka ga dama, za ka iya zame shi ya fita. Ka zura shi ta tsakiyar tiyub ka ƙulle, ba zai fita ba sai ka tsinke shi ko ka yanka robar. Nazarin irin wannan bambanci shi ake kira topoloji, in kuma aka mayar da ramukan lambobi da za a iya tarawa da debewa, ya zama topolojin aljabara. Bafaranshe Henri Poincaré ne ya aza harsashinsa a 1895. Wanda ya faɗaɗa dabara irin ta mai faci a cikin fannin, wato a san abu yanki-yanki sannan a ɗinke labarin ta wuraren da yankunan suka haɗu, wani Bafaranshen ne, Jean Leray, kuma a tsare ya yi aikin.

An haifi Leray a 1906 a Chantenay, kusa da birnin Nantes. Asalin sana'arsa lissafin gudanar ruwa ce. A 1934 ya fitar da takarda a kan ƙa'idojin Navier da Stokes, waɗanda ke bayyana yadda ruwa da iska ke tafiya, ya nuna cewa suna da wata irin amsa ko da ruwan ya hargitse. A shekarar dai, shi da Juliusz Schauder, masani daga Folan, suka ɗan ari topoloji don tabbatar da cewa wasu lissafai masu wuya suna da mafita. A wurinsa a lokacin, topoloji kayan aiki ne da ake ɗauka a yi amfani da shi a mayar ma'ajiya.

Sai yaƙi ya zo. A 1940 Jamusawa suka kama shi yana hafsan soja, suka kai shi sansanin Oflag XVII-A kusa da Edelbach a ƙasar Ostiriya, inda ya zauna har 1945. Ya san mutumin da ya iya lissafin iska da ruwa yana da amfani ga masu ƙera jiragen yaƙi, yana kuma tsoron a tilasta masa yi wa abokan gaba aiki. Saboda haka ya ɓoye gwanintarsa, ya ce shi malamin topoloji ne. Wa zai ɗauki mai ƙidayar ramuka ya kai shi masana'antar makamai? Suka ƙyale shi.

Da wani ne, da ya tsaya a fakewar kawai. Dokar Janiba ta hana a sa hafsoshi aikin ƙarfi, don haka dubban mutane ne zaune cikin sanyi da yunwa, ba abin da suke da shi a yalwace sai lokaci. Suka kafa jami'a a cikin sansanin, Leray ya zama shugabanta, kuma bayan yaƙi gwamnatin Faransa ta amince da takardun shaidar da ta bayar. Shi kuma, tunda ya ce topoloji yake koyarwa, dole ya koyar da shi. Littattafai ƙalilan ne a hannunsa, ba ya jin abin da ake yi a Amurka, sai ya shiga gina fannin da kansa, ta hanyar da ta dace da kansa. Schauder bai samu wannan sa'ar ba. Bayahude ne, 'yan Nazi suka kashe shi a 1943.

Darasin da ya koyar a sansanin ya fito a mujalla a 1945. A 1946 ya biyo da gajerun takardu ɗauke da abubuwa biyu. Na farko ya kira shi faisceau, wato dami: a liƙa wa kowane ƙaramin yanki na siffa bayaninsa, tare da ƙa'idar yadda bayanan maƙwabta za su yi daidai. Na biyu hanyar lissafi ce mai hawa-hawa, kowane shafi yana tace na bayansa har a kai ga amsa. Rubutunsa yana da wuyar haɗiya, gaskiya, ba mutane da yawa ne suka gane shi da farko ba. Jean-Louis Koszul da Henri Cartan ne suka sassaƙe shi a Faris har ya shiga hannun matasa. Jean-Pierre Serre ya ɗauki hanyar mai hawa-hawa a kundin digirinsa na 1951, ya warware tambayoyin da suka daɗe suna gagarar manya game da siffar ƙwallo a manyan sarari, aka ba shi lambar Fields a 1954 yana ɗan shekara 27. Alexander Grothendieck kuma ya sake gina wani babban reshe na lissafi kacokan a kan damin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncin masu gadin. Ba wawaye ba ne; a ma'aunin 1940 sun yi daidai, topoloji ba ya harba bindiga. Mu ma da wannan ma'aunin muke auna karatun 'ya'yanmu: "To, in ka gama me za ka ci da shi?" Tambaya ce ta haƙƙi ga uban da ke biyan kuɗin makaranta, ba na raina ta. Sai dai tana auna amfanin yau ne kawai, kuma da ita ce aka bar Leray ya zauna shekara biyar yana abin da ba wanda ya ga ranarsa.

Shi kansa bai daɗe a fannin ba. Ya samu kujera a Collège de France a 1947, ya riƙe ta har 1978, kuma tun farkon shekarun 1950 ya koma wa lissafin da ya baro, ya bar wa wasu gonar da ya share. An ba shi lambar Wolf a 1979 tare da André Weil. Ya rasu a La Baule a 1998. Bayan shekara biyu, Cibiyar Clay ta Amurka ta sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya amsa tambayar da takardarsa ta 1934 ta bari a buɗe: shin ruwan da ya fara gudu lami lafiya zai ci gaba a haka har abada, ko akwai inda lissafinsa zai tarwatse?