Sautin Muke Ji, Ko Sunan Mai Shi?

Ranar 4 ga Janairun 2015, ƙungiyar Death Grips ta birnin Sacramento a Amurka ta saki kundin Fashion Week kyauta a intanet, ba tare da sanarwa ba. Kiɗa ne zalla har guda 14. Babu muryar MC Ride, mawaƙin da tsawarsa ta zama tambarin ƙungiyar, sai gangunan Zach Hill da sautukan na'urar Andy Morin.

Ba wannan masoya suke jira ba. Tun Yulin 2014 ƙungiyar ta ce ta watse, amma da alkawarin za ta fitar da Jenny Death, kashi na biyu na kundin The Powers That B. Wata da watanni tambaya ɗaya ake yi: sai yaushe? Da Fashion Week ya fito, sai aka ga harafin ƙarshe na sunan kowane kiɗa, in an jera su, wannan tambayar ce suke rubutawa da Turanci. Wasu suka yi dariya, wasu suka ga ba'a ce. Masu sharhi ma suka rabu: wasu sun ce sai yanzu aka ji gwanintar makaɗan, wasu kuwa sun ce kiɗan ba muryar Ride miya ce ba gishiri.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaukar hankali. Watanni kafin nan wani ɓangare na kundin ya ɓulla a intanet, masoya da yawa suka ce jabu ne, suka watsar. Da ƙungiyar ta sa sunanta a kai, sai aka koma ana saurare da natsuwa. Sautin bai canza ba, mu ne muka canza.

Ashe sau da yawa ba aikin muke aunawa ba. Ko dai mu auna sunan mai shi, ko mu auna shi da wani aikin da muka ƙera a zuciyarmu. Duka biyun rashin adalci ne, domin mun yanke hukunci kafin mu saurara.

Masoya suna da hakkinsu, wannan gaskiya ne. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya sa mutane jira bai kamata ya raina jiran ba. Death Grips ta sauke wannan kayan a Maris 2015 da ta fitar da Jenny Death. Amma hakkinmu ya tsaya ne a kan abin da aka yi mana alkawari. Bai kai ga mu tsara wa mai fasaha duk abin da zai yi ba. Ƙaunar da ba ta yarda ya sauya hanya ta fara zama mallaka.

Mu ma muna binsa, shi ma yana bin mu. Bashin da ke kanmu shi ne mu saurari abin da ya kawo har ƙarshe, kafin mu lissafa abin da bai kawo ba.