Ka Binciki Ɗan Takara Kafin Ka Dangwala Masa

Ɗana, ka ba ni hankalinka.

Idan wani ya zo neman auren ƙanwarka, ba a ɗaura masa don ya iya naɗa rawani. Ana tura dattawa garinsu su binciko asalinsa da sana'arsa da yadda yake zaune da mutane. To, wanda ke neman ka damƙa masa Gummi da Bukkuyum har shekara huɗu, da kuɗin asibitinku da makarantarku da tsaron hanyar gonarku, ya fi kowa cancantar irin wannan bincike. A da sai mai kuɗin mota zuwa Gusau ko Abuja ke iya yinsa. Yau mafi yawansa yana cikin wayar da ke aljihunka.

Mu Zamfarawa jiki magayi ne. A watan Oktoba na 2018 hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana cewa jam'iyyar APC ba ta kammala zaɓen fid da gwani a Zamfara cikin wa'adi ba. Aka shiga kotu, wannan ta ce i, waccan ta ce a'a, jaridu na bugawa, gidajen rediyo na faɗa. Aka yi zaɓe, ɗan takarar gwamna na jam'iyyar ya samu ƙuri'a fiye da 500,000. Ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un duk sun tafi a banza. Kujerar gwamna da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 7 da 'yan majalisar jiha 24 suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Mutane sun sha rana a layi, da yawansu ba su ma san takarar na rawa a gaban alƙali ba, alhali labarin a buɗe yake ga duk wanda ya nema.

Saboda haka ka fara da takarda. Kowane ɗan takara yana cike takardar rantsuwa mai lamba EC9, inda yake bayyana sunansa da shekarunsa da makarantun da ya yi da ayyukan da ya riƙe. Hukumar zaɓe tana liƙa ta a mazaɓar, kuma tana saka jerin sunayen 'yan takara a shafinta na intanet, da jam'iyyarsu da shekarunsu da matakin karatunsu. Ka duba: sunan mutuminka yana ciki? Akwai shari'a a kan takararsa? Abin da ya rantse a kai ya yi daidai da abin da mutanen garinsu suka sani? Kada ka raina wannan. A Bayelsa, a watan Fabrairu na 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon gwamna Kotun Ƙoli ta soke nasararsa saboda matsalar takardun mataimakinsa.

Daga takarda sai aiki. In mutum ya taɓa riƙe muƙami, kada ka tsaya kan alkawarin da zai yi gobe, ka nemi sawun da ya bari jiya. Kasafin kuɗin tarayya da na jiha ana wallafa su, kuma a cikinsu ake rubuta ayyukan mazaɓu da 'yan majalisa ke sakawa: rijiyar burtsatse, ajujuwa, ɗakin shan magani, taki, injin ban ruwa. Ƙungiyar BudgIT tana da shirin Tracka mai bin diddigin irin waɗannan ayyuka, hukumar ICPC ma tana bi tun 2019. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya duk wata shi ma ana bugawa. Ka rubuta sunan garinku ka nema. In ka ga an ce an gina asibiti a Gwashi ko Adabka ko Nasarawar Burkullu, ka kira wanda ka sani a can, ko ka taka da ƙafarka in hanya da lafiya. Waya tana faɗa maka abin da aka rubuta ne kawai. Gani ya kori ji.

Sannan ka tambayi inda mutum yake ranar da muke kuka. A 2010 gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ƙauyen Bagega ma ya daɗe yana jiran a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, har sai da matasan Follow The Money suka tayar da ƙura a intanet kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin a farkon 2013. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A 2024 ambaliya ta ci gidaje a Gummi. Tsofaffin labarai ba sa gogewa daga intanet. Ka haɗa sunan ɗan takara da kowace musiba daga cikin waɗannan, ka ga abin da zai fito. Ya tsaya a zauren majalisa ya yi magana? Ya kawo ƙudiri? Ya zo jaje, ko sai da kakar zaɓe ta kama ya tuna hanyar gida?

Amma ɗana, wayar nan da ke kawo gaskiya ita ke kawo ƙarya, kuma ƙaryar ta fi saurin ƙafa. 'Yan siyasa suna da sojojin baka a rediyo, suna da yaran da suke saya wa data a Facebook da TikTok, aikinsu yabon maigida da zagin abokin hamayya. Za a ɗauko hoton taron wata jiha a ce na garinku ne. Za a yanke jawabin mutum a bar rabin da zai ba da haushi. Yanzu har muryar mutum ake ƙirƙira da na'ura, ka rantse shi ne. Suratul Hujurati ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, kuma wannan umarni bai tsaya a bakin ƙofar WhatsApp ba. Ka tambayi kanka: wa ya faɗa? Yaushe? Wa zai amfana in na yarda? Ka duba ko BBC Hausa ko DW ko RFI ko Aminiya sun kawo labarin. Ka leƙa masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check. Kuma kada ka tsaya kan majiya ɗaya, ko da ta hukuma ce. A harin 2022 ɗin nan, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Wanda ya ji ɓangare ɗaya bai ji labarin ba. In saƙo ya tafasa maka zuciya har yatsanka ya yi ɗokin turawa, shi ne ya fi bukatar ka dakata.

Ranar zaɓe ma aikinka bai ƙare da dangwale ba. Ka tsaya a ƙirga a gabanka, ka ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A, ka gwada da wadda aka ɗora a shafin IReV na hukumar. Ka tuna cewa a watan Nuwamba na 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ambaci Bukkuyum tare da Maradun da Birnin Magaji cikin wuraren da ta ce a sake zaɓen gwamna, kafin Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ta tabbatar da nasarar Gwamna Dauda Lawal a watan Janairu na 2024. Rumfar ƙauyenku tana iya zama abin da manyan alƙalan ƙasa za su zauna a kansa.

Abu na ƙarshe, ka tuna da mahaifiyarka da goggonka da dattijon da ba shi da babbar waya, da mutanen ƙauyen da sai sun hau tudu suke samun sabis. Su ne ake fara kai wa taliya da sabulu da turmin atamfa ana gobe zaɓe. Abin da ka gano ka kai musu shi a majalisa da zaure da tsakar gida, da ladabi, kuma da adalci: ka faɗi alherin wanda ba ka so, ka faɗi aibin wanda kake so. Ba na ce maka ka zaɓi wane ko wane ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Na dai hore ka kada ka ba da shaida a kan mutumin da ba ka sani ba, domin ƙuri'a shaida ce, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara.