Damisa Ƙi Sabo, Amma Malamai Sun Ba Ta Kariya

A watan Janairun 2014 Majalisar Malaman Indonesiya ta fitar da fatawar da ta haramta farauta da fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa, ciki har da damisar Asiya mai ratsi-ratsi. Ɗalibin da ya yi karatun Muwaɗɗa a zaure zai iya yin turus. Ai Imamu Malik ya sa zaki da damisa cikin masu cizon da ko mai harami ya halatta ya kashe. To, ta yaya dabbar da aka ba da izinin kashe ta ta koma amana?

Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin kare kai daga dabba guda da shafe jinsinta baki ɗaya. Fatawar ta bar ƙofar kisa a buɗe idan ran mutum ne ke cikin haɗari. Abin da ta toshe shi ne ɓarna, domin Suratul An'am ta kira dabbobi al'ummomi irin namu. Indonesiya kuwa ta riga ta ga yadda al'umma ke shuɗewa: damisar tsibirin Bali da ta Java duk sun ƙare a ƙarni na 20, saura ta Sumatra kaɗai.

Hujjar ba ta tsaya kan tausayi ba. Damisa ɗaya na bukatar daji mai faɗi, da barewa da aladen daji da za ta ci. Wanda ya tsare mata wannan, ya tsare itatuwa da tsuntsaye da maɓuɓɓugan da manoma ke sha. Indiya ta kama wannan hanya tun 1973, lokacin Indira Gandhi. Damisoshinta sun tashi daga 1,411 a ƙidayar 2006 zuwa 3,682 a ta 2022. Nepal ma ta ɗaga nata daga 121 zuwa 355 tsakanin 2009 da 2022.

Sai dai a nan tambayar ta fi zafi. A ƙauyukan da ke kewaye da gandun Bardiya na Nepal, damisa ta kashe masu yankan ciyawa da masu neman itace, yawancinsu talakawa. A Indiya an tashi ƙauyuka sukutum domin a faɗaɗa mata wuri. Duniya ce ke cin ribar dajin, amma mai akuya biyu a bakin gandu shi ke biyan kuɗin, kuma diyyar gwamnati takan zo masa a makare.