Mudun da ke Hannun Mai Laifi

Tambayar da nake so in ajiye a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ita ce: shin mutum yana iya faɗin gaskiya da alƙaluma, amma kuma ya zama ya yaudari jama'a? Kowa ya san ɗan kasuwar da ke bubbuge gindin mudu ya lotsa shi ciki. In ya ce ya auna maka mudu goma bai yi ƙarya ba, goma ɗin ya auna. To, irin wannan awo ne nake gani a lissafin da ƙasashe ke yi na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Mu fara da shekarar da ake kafa lissafi a kanta, domin nan ne gindin mudun yake. Yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 ta ɗauki 1990 a matsayin mafari. Amma Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, masana'antunta da yawa suka tsaya, hayaƙi ya ragu ba tare da kowa ya yi niyyar rage shi ba. Sai ga Rasha ta cika alkawari tun ba ta ɗaga yatsa ba. Jamus ma ta amfana da rufe tsofaffin masana'antun gabashinta bayan haɗewar 1990, ko da yake ita ta ƙara da nata ƙoƙarin. Amurka kuwa, da ta zo yin alkawari a taron Faris na 2015, sai ta zaɓi 2005, wato lokacin da hayaƙinta ya kusa kai ƙololuwa. Wanda ya fara ƙidaya daga kan tudu, ai duk inda ya taka gangara ce. Babu wanda ya shirga ƙarya a cikinsu, kuma wannan ne ya sa abin ya fi damuna.

Ingila ta rage hayaƙin cikin gidanta da kusan rabi tun daga 1990, har ta rufe tasharta ta ƙarshe mai aiki da kwal a 2024. Wannan abin yabo ne. Sai dai kayan da take saye daga Sin, hayaƙin ƙera su a littafin Sin ake rubuta shi.

Saura batun rabo. In an auna ƙasa ƙasa, Sin ce kan gaba, da kusan kashi 30 cikin ɗari na iskar kabon da ake fitarwa a shekara. In an auna mutum mutum, Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14, ɗan Nijeriya kuwa bai kai tan guda ba. In kuma an tara tun daga farkon zamanin injuna, Amurka ce ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kowace ƙasa kuma ta san mudun da ya fi yi mata daɗi. A ganina na uku ne ya fi kusa da adalci, domin wannan iska takan daɗe ƙwarai a sama, ɗumamar yau kuwa tarin na jiya ne.

Kada mu ɗauka mu a nan hannunmu a wanke yake. A wani lissafi da Bankin Duniya ke wallafawa, kusan kashi 80 cikin ɗari na makamashin da Nijeriya ke amfani da shi mai sabuntuwa ne. Wanda ya ji haka sai ya zaci mun wuce Jamus nesa ba kusa ba. Alhali kuwa mafi yawansa itacen girki ne da gawayi. Wato matar da ke hura murhu idonta na hawaye, da yarinyar da ta yini a daji neman kirare, su ne suka ɗaga mu a jadawali. Ranar da matar nan ta samu tukunyar gas, ƙirjinta zai huta, itatuwa su huta, amma alƙalamin zai nuna mun koma baya. Wane irin ma'auni ne ke lissafa talauci a gurbin ci gaba? Ga kuma ƙona iskar gas a yankin Neja Delta: dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin dainawa, aka yi ta ɗaga wa'adin. Wanda ya san wannan, dole ya yi tambaya game da alkawarin 2060 da Shugaba Buhari ya ɗauka a Gilasgo a 2021.

Wani zai ce, to a watsar da awon mana. Ban yarda ba. Kamfanin Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 dabarar da ke rage hayaƙi mai guba a lokacin gwaji kawai. Abin da ya tona asirinsa a 2015 wani awo ne, wanda masu bincike na wata jami'a a Amurka suka yi a kan titi, inda kamfanin bai shirya ba. Mudun nan na biyu ba a hannun mai kaya yake ba.

Akwai irinsa a kan dutsen Mauna Lowa a Hawai, inda Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a 1958. A lokacin ta kai kusan kashi 315 cikin miliyan. An yi Kiyoto, an yi Faris, ƙasashe da dama sun ba da rahoton cika alkawari, amma a 2024 awon ya haura 420.