Hankicin Auduga

Ba na jin Jafananci ko kalma ɗaya. 'Yata ce ta haɗa ni da waƙoƙin mutanen nan, domin ta yi watanni tana kunna wata a wayarta in tana wanke-wanke: Plastic Love ta Takeuchi Mariya, wadda ta fito a 1984 ta kwanta, sai wajen 2017 YouTube ya tono ta ya watsa wa duniya. Kiɗan na rawa ne, amma akwai wani nauyi a muryar da ya tsayar da ni. Da na tambaya sai ta ce, "Baba, ai ba waƙar murna ba ce. Mace ce da aka karya wa zuciya, take yawon dare a birni tana wasa da soyayya don kada a sake yi mata." Daga nan na shiga bin waƙoƙin ina karanta fassararsu, har na iso kan wadda ta hana ni barci.

Sunanta Momen no Hankachifu, wato hankicin auduga. Ota Hiromi ce ta rera ta a ƙarshen 1975, Matsumoto Takashi ya tsara baitocin, Tsutsumi Kyohei ya yi kiɗan. Murya ɗaya ce amma mutum biyu ke magana, kamar masu musayar wasiƙa. Saurayi ya hau jirgin ƙasa zuwa birni, ya bar budurwarsa a garinsu. Yana ta yi mata zancen tsaraba, ita kuma ba abin da take so illa ya dawo yadda ya tafi. Da tafiya ta yi tafiya sai ya fito mata a mutum: birni ya yi masa daɗi, ba zai dawo ba. A nan ne ta roƙi tsarabar farko kuma ta ƙarshe, hankicin share hawaye.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu mugu a waƙar. Saurayin bai yi ƙarya ba. Yarinyar ba ta zage shi ba, ba ta ja masa Allah ya isa ba. An bar abin kamar ruwan sama ne ya sauka, ba wanda za a kama. To mutumin da birni ya sauya, laifi ya yi, ko abu ne ya same shi?

Kafin in yanke wa yaron nan hukunci sai da na dubi inda ya fito. Daga 1954 zuwa 1975, duk ƙarshen shekarar karatu, jiragen ƙasa na musamman kan kwaso yara 'yan shekara 15 da suka gama ƙaramar sakandare daga lardunan arewacin Jafan irin su Aomori da Akita da Iwate, a sauke su a tashar Ueno da ke Tokiyo, inda masu masana'antu da shaguna ke jiran su. Ana ce musu ƙwan zinariya saboda yadda ake rububinsu. Da yawansu 'ya'ya na biyu ne ko na uku, domin a al'adar manoman can gona ta babban ɗa ce. A 1964, shekarar da Tokiyo ta karɓi wasannin Olamfik aka kuma buɗe layin jirgin Shinkansen, Izawa Hachiro ya rera musu waƙa a kan tashar tasu, yau ma akwai dutsen tunawa da ita a bakin Ueno. Yaron da aka ɗora a jirgi da ƙunshin abincin uwarsa a cinya, ba za ka ce masa maci amana ba don bayan shekara goma harshensa da tufafinsa sun zama na Tokiyo.

Jafanawa kuma suna da tsohuwar amsa, wadda suka samo daga addinin Buddha, suna kiranta mujo: ba abin da ke tsayawa a hali ɗaya. A 1212 wani mawaƙi da ya koma zuhudu, Kamo no Chomei, wanda ya ga gobarar 1177 ta lashe babban yanki na birnin Kyoto, ya kuma ga girgizar ƙasar 1185, ya rubuta ɗan littafi a bukkarsa yana kwatanta mutane da gidajensu da kumfar ruwa. Ita kanta Tokiyo sau biyu tana zama toka cikin shekara 22: girgizar ƙasar 1923, sai ruwan bama-baman Amurka na 10 ga Maris 1945 da ya kashe kimanin mutum 100,000 a dare ɗaya. Mutanen da suka ga haka, ba mamaki su ɗauki zuciyar ɗan Adam ma a matsayin ruwa mai gudu. Misora Hibari, babbar zabiyarsu, da waƙar da ke kwatanta rayuwa da kogi ta yi sallama, ta rasu a watan Yunin 1989. A wannan fahimtar, saurayin ya gudana ne kawai, abin da ya rage shi ne a yi baƙin cikin cikin natsuwa da mutunci.

Ina ganin girman wannan tunani, kuma rabinsa nawa ne. Mu ma an raine mu da cewa duniya rumfar kara ce. Inda muka rabu shi ne abin da ke biyo baya. A addinina, ƙarancin kwanakin shi ya sa kowane ɗaya abin lissafi ne, alkawari kuwa kaya ne ko da wanda ya ɗauke shi ya sake kama. Kogi bai taɓa ce wa kowa "jira ni" ba, saurayin kuwa ya bar ta tana jira.

Na san wannan daga kaina. Shekara 26 ke nan da na baro ƙauyenmu zuwa Kano. Da farko duk wata nake zuwa gida, sai ya koma Salla zuwa Salla, sai ya koma kuɗi ta waya. Babu ranar da na zauna na ce zan yi nisa da Inna. Amma duk Juma'ar da na ce sai mako mai zuwa, ni ne na faɗa, ba birni ba. Shi ya sa waƙar Sen Masao ta 1977, Kitaguni no Haru, ta fi kowace soka ta. Mutum ne a birni, ƙunshin saƙon uwarsa ya iso masa daga arewa, ya tuna garinsu, ya shiga shawarar ko ya koma. Sen, ɗan Iwate, yakan hau dandamali da tsohuwar kwat da takalmin roba irin na manoma in zai rera ta. A shawarar waƙar take ƙarewa, ba mu ga ya yanki tikiti ba.

Su ma Jafanawan ba komai suka miƙa wa kogin ba. Duk tsakiyar Agusta, lokacin Obon, jirage da hanyoyi kan cushe da masu komawa garuruwansu don wanke kaburburan iyaye. Duk da haka, ƙidayar gidaje ta 2023 ta samu kusan gida miliyan 9 da ba kowa a ciki, da yawa na iyaye ne da suka rasu, magadan suna birni.

Ba a komai nake goyon bayan yarinyar ba. Abin da ta roƙa, ya dawo yadda ya tafi, ba ɗan Adam da zai iya ba ta. Ko a garin ya zauna zai sauya. Sauyin ban riƙe shi da shi ba. Abin da na riƙe shi da shi, ya bar ta tana jira sannan ya warware maganar daga nesa. Da ya tako ya zauna gabanta da gaban manyanta ya faɗa da bakinsa, ya ga abin da maganar ta yi wa fuskarta, da hawayen ba su ragu ba, amma da ya ɗauki rabonsa na nauyin. Zumunci a ƙafa yake, rabuwa ma haka.

Makon jiya direban garinmu ya kawo mini ƙunshi: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da ɗan man shanu a kwalba. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Direban ya ce, "Alhaji, ta ce a gaya wa yaron nan an kai gero rumbu, kuma ƙafar tata da sauƙi." Ban san ƙafar na ciwo ba. Na tambaye shi yaushe motarsa ke tashi ranar Juma'a, ya ce da an sauko daga masallaci. Na ce ya ajiye mini gaba.